Likitan ƙauye da mutanen gari: ina aka samo rashin yardar nan?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Katsina ko Daura ya san tun kafin zuwan asibiti muna da masu magani, ga wanzami, ga ungozoma, ga mai ɗori, kuma duk ƴan gari ne an san iyayensu, in babu kuɗi a hannu sai a bari bayan kaka a kai damin gero. Shi kuwa asibiti da baƙunta ya shigo mana. Zamanin Turawa ƴan mishan ne ke jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, shi ya sa tsofaffi da yawa suka ɗauka maganin bature da addininsa tare suke tafe.

Da aka fara bautar ƙasa a 1973 sai ya zama likitan da ƙauye ke gani galibi ɗan bautar ƙasa ne, wani ko "sannu" bai iya ba, shekara ɗaya ya tattara ya tafi, to yaushe za a saba? Na taɓa raka gwaggona, likita na tambaya ta bakin tafinta, ita kuma ta sunkuyar da kai tana ta murza bakin mayafi, "jikin ne dai ba daɗi" kawai take cewa. Ciwon na mata ne, ina za ta faɗa gaban maza uku? Ya rubuta ƙwayoyi, muna fita ta ce tunda bai yi allura ba bai san aiki ba, kemis muka wuce. Wallahi shi ma ya ban tausayi, shi kaɗai ne ga layi har waje.

Sai gwajin maganin kamfanin Pfizer na Amurka lokacin sanƙarau a Kano a 1996 ya ƙara dagula lamarin, da jita-jitar rigakafin shan inna ta taso a 2003 mutane na da abin kafa hujja. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, hakimai na ɗiga wa ƴaƴansu a bainar jama'a, sannan aka fara buɗe ƙofa.

Yanzu kuma ƴan bindiga. Wa zai ga laifin likitan da ya ƙi kwana a Batsari ko Jibiya ko Safana? Wasu sun dawo cikin birni, wasu Saudiyya, ma'aikacin lafiya ɗan gari aka bari, shi kowa ke kira likita, shi ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare in haihuwa ta zo da gardama, ya fito da tocilan a hannu, in abin ya fi ƙarfinsa a fara neman motar da za ta yarda ta kama hanyar Katsina kafin asuba.