Waiwaye: Daga ɗanɗanon fitsari zuwa ƙwayar gado, yadda aka koyi auna ciwon sukari

Takardar sakamakon awon jini ta mai ciwon sukari ba ta cika wuce layi biyar ko shida ba: sukarin da aka auna kafin a karya kumallo, HbA1c, kitsen jini, wani lokaci har da C-peptide. Kowane layi yana da shekarar da aka gano shi, da dalilin da ya sa likitoci suka amince da shi, da kuma irin jinin da yake ba da amsar da ba daidai ba a kansa. Wannan na ukun shi aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi cutar da marar lafiya.

Da fitsari aka fara. Likitocin Indiya na dā sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, suka kira ciwon "fitsarin zuma". A 1674 Thomas Willis na Ingila ya rubuta cewa fitsarin yana da zaƙi, a 1776 kuma Matthew Dobson ya ƙafar da shi, ya sami dunƙulen abu fari-fari mai zaƙi a ƙasan mazubin. Dobson ya ƙara da wani abu da ya fi wannan muhimmanci: ruwan jinin marar lafiyar shi ma yana da zaƙi. Ashe matsalar a jini take, fitsari hanyar fita ce kawai. Ƙoda ba ta sakin sukari sai ya haura kusan 180 mg/dL, wato 10 mmol/L, saboda haka mutum zai iya shekaru da sukari 160 yana ɓata masa jijiyoyi alhali fitsarinsa tas. A yau ma lamarin ya ƙara rikicewa, domin akwai magungunan da aikinsu shi ne tura sukari cikin fitsari da gangan.

A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, kare ya kamu da ciwon. A 1921 aka tace insulin, sinadarin da fankiriyas ke fitarwa don saukar da sukari, a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a Janairun 1922. Daga nan sai wata tambaya ta taso, domin wasu ƙaramar allura ke saukar musu da sukari, wasu kuwa ko an ninka sai a hankali. Harold Himsworth ya raba su gida biyu a 1936: masu jin insulin da marasa jin sa. Hujjar ba ta samu ba sai a 1960, lokacin da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da hanyar auna insulin a jini, aka tarar yawancin manyan da ke da ciwon suna da insulin, wasu ma fiye da na mai lafiya. Jikinsu ne ba ya amsa kiransa.

C-peptide ya biyo baya, bayan Donald Steiner ya gano a 1967 cewa jiki yana ƙera insulin a matsayin doguwar sarƙa ɗaya, sannan ya yanke tsakiyarta. Guntun da aka yanke shi ne C-peptide, yana fita jini ɗaya-da-ɗaya da insulin. Insulin na allura ba shi da wannan guntu, don haka ko mutum yana kan allura, awon zai nuna abin da jikinsa ke samarwa da kansa. Ƙasa da 200 pmol/L alama ce ta cewa ƙwayoyin da ke samar da insulin sun kusa ƙarewa. Amma dole a auna sukari a lokaci guda, domin idan sukari ya yi ƙasa shi ma zai yi ƙasa ko a mai lafiya, idan kuma ƙoda ta raunana zai taru ya nuna sama.

Lambobin da ake yanke hukunci da su ba tun fil'azal suke ba. A 1979 iyakar sukarin kafin karyawa 140 mg/dL ce. A 1997 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta sauko da ita zuwa 126, wato 7.0 mmol/L, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1999. Dalilin yana cikin ido: binciken da aka yi a Masar, da tsakanin ƙabilar Pima, da sauran al'ummar Amurka ya nuna a wajejen wannan lamba ce lalacewar ƙananan jijiyoyin bayan ido ke fara yawaita.

Awon yana da sharuɗɗansa. Mutum zai kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa. Bayan an ɗebi jinin, ƙwayoyin da ke cikin kwalbar suna ci gaba da cin sukari, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa. Jinin da ya fita daga hannu da 130 zai iya komawa 116 idan ya yi awa biyu a kan tebur, sai a ce wa mai shi ba shi da ciwon. Kwalba mai murfi ruwan toka tana da sinadarin fuloraid da ke tsayar da wannan ci, amma ba ya kama aiki sosai sai bayan awa ɗaya ko biyu, shi ya sa ake son a raba ruwan jinin daga ƙwayoyinsa cikin minti 30. Gwajin shan sukari kuwa, giram 75 ake narkawa a ruwa mililita 250 zuwa 300, a shanye cikin minti biyar, a zauna ba zirga-zirga, a auna bayan awa biyu. Daga 200 mg/dL zuwa sama ciwo ne. Wanda ya ƙaurace wa abinci mai sitaci kwanaki kafin gwajin don sakamakonsa ya yi kyau, akasin haka zai gani, domin ana bukatar ya riƙa cin aƙalla giram 150 a kullum na kwana uku.

HbA1c a Tehran ya samo asali. A 1968 Samuel Rahbar yana binciken ire-iren hemogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, sai ya riƙa ganin wani baƙon layi a jinin masu ciwon sukari. Daga baya aka gane sukari ne ke manne wa hemogulobin, kuma idan ya manne ba ya saki sai jan ƙwayar jinin ta mutu, bayan kimanin kwana 120. Kenan awo ɗaya yana ba da labarin wata biyu zuwa uku, kodayake kusan rabin labarin na watan ƙarshe ne. Manyan bincike biyu, DCCT a 1993 da UKPDS a 1998, suka tabbatar cewa saukar da shi yana rage lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi. Sai a 2009 kwamitin ƙwararru na duniya ya amince a gano ciwon da shi a kan kashi 6.5, wato 48 mmol/mol, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa a 2011.

Sauƙinsa ne ya sa ya mamaye ko'ina, tunda ba ya bukatar a kwana da yunwa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Awon ya ginu ne a kan zaton cewa jajayen ƙwayoyin kowa suna kwana 120. Duk abin da ya gajarta musu rai, kamar fashewar ƙwayoyin jini, zubar jini, ƙarin jini, ko maganin ƙara jini da ake ba masu ciwon ƙoda, zai sa HbA1c ya nuna ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yana ɗaga shi. Mai sikila SS bai kamata a auna shi da wannan ba sam, mai AS kuwa ya danganta da irin na'urar ɗakin gwajin. A irin wannan hali a koma ga sukarin kai tsaye, ko ga furuktosamin, wanda ke ba da labarin mako biyu zuwa uku.

Tun 1923 Eskil Kylin na Suwidin ya lura hawan jini da hawan sukari da yawan sinadarin yurik suna tafiya tare. A 1947 Jean Vague na Faransa ya nuna ƙibar sama, ta ciki da ƙirji, ta fi ta cinya da ɗuwawu haɗari. Gerald Reaven ne ya haɗa su a 1988, ya ce saiwarsu ɗaya: rashin jin insulin. Wannan shi ne abin da ake kira metabolik sindirom, wato haɗakar matsalolin sarrafa abinci a jiki. Ma'anar da ƙungiyoyi suka daidaita a kai a 2009 tana neman uku cikin biyar: faɗin ƙugu, kitsen tiraigiliseraid daga 150 mg/dL, kolestarol mai amfani HDL ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace, hawan jini daga 130/85, da sukarin kafin karyawa daga 100. Ƙugun ne aka kasa tsayar masa da lamba ɗaya. Amurka na amfani da santimita 102 ga maza da 88 ga mata, Tarayyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sa 94 da 80 ga Turawa, 90 ga mazan Kudancin Asiya. Ga baƙar fata kuma tiraigiliseraid yakan zauna ƙasa ko da jiki ya daina jin insulin, sai ma'anar ta tsallake mutanen da ke cikin haɗari. A 2005 manyan ƙungiyoyin ciwon sukari na Amurka da Turai sun fito fili sun yi tambaya ko sunan yana ƙara wani abu a kan auna kowace matsala ita kaɗai. Tambayar na bisa hanya, amma amfanin sunan a aikace shi ne yana sa wanda ya ga ɗaya ya nemi sauran huɗun. An gano wasu alamomin daga baya, irin su leptin a 1994 da adiponektin, waɗanda suka nuna kitse gaɓa ce mai aika saƙo a jini, sai dai babu wanda ya kori tsofaffin biyar ɗin daga asibiti.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma likitoci sun daɗe suna ganin ciwon yana bin gida. A farkon shekarun 1970 aka danganta nau'i na ɗaya na ciwon, wanda jiki ke daina samar da insulin, da ƙwayoyin gadon garkuwar jiki na HLA, a 1974 kuma Gian Franco Bottazzo ya gano sojojin garkuwa da ke kai wa ƙwayoyin da ke samar da insulin hari. Yau ana auna huɗu: na GAD, IA-2, ZnT8 da na insulin kansa. Yaron da aka samu da biyu ko fiye, kusan bakwai cikin goma suna kamuwa a cikin shekara goma. Duk da haka mafi yawan waɗanda ke kamuwa da nau'i na ɗaya ba su da ɗan'uwa na kusa mai shi.

Inda awon gado ya fi yin rana shi ne a ciwon da ƙwayar gado ɗaya tak ke haddasawa, kimanin kashi 1 zuwa 2 na masu ciwon. Mai matsala a ƙwayar gado ta GCK, wadda aka gano a 1992, an haife shi ne da sukari tsakanin 5.5 da 8 mmol/L, haka zai zauna har tsufa, ba ya bukatar magani sai dai a sa ido lokacin juna biyu. Mai matsala a HNF1A, ta 1996, ƙaramin ƙwayar maganin salfonilyuriya ya fi masa allura. A 2004 masu bincike ƙarƙashin Andrew Hattersley a Exeter ta Ingila suka gano KCNJ11 a jariran da ciwon ya kama kafin wata shida, kuma a 2006 aka nuna kusan tara cikin goma za su iya barin allura su koma ƙwaya. Wasu sun yi shekaru ashirin suna soka wa kansu allurar da ba ita ce maganinsu ba. Don haka duk jaririn da ya kamu kafin wata shida ya cancanci awon gado, haka ma matashin da ba shi da ƙiba, ba shi da sojojin garkuwar nan, C-peptide ɗinsa na nan, kuma ciwon ya ratsa kaka da uba da ɗa.

Nau'i na biyu, wato na rashin jin insulin, bai zo da sauƙi haka ba. Ƙwayar gado ta TCF7L2, wadda aka gano a Aisland a 2006, ita ce mafi ƙarfi cikin na gama-gari, amma kwafi ɗaya yana ƙara haɗari da kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai. Binciken 2024 a kan mutum miliyan biyu da rabi ya ƙirga wurare 611 a ƙwayoyin gado, kowane da ɗan ƙaramin tasirinsa, kuma da yawansu sun shafi fitar da insulin ne. Idan aka ɗora su a kan shekaru, nauyi, tarihin gida da awon sukari, abin da suke ƙarawa a hasashe kaɗan ne. A binciken rigakafi na Amurka na 2002, rage nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, kuma masu ɗauke da TCF7L2 mai haɗari sun amfana su ma.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gado yana taɓa ma'aunin kansa. A 2014 aka gano wani canji a TBC1D4 tsakanin mutanen Girinlan: mai kwafi biyu haɗarinsa ya ninka kusan goma, amma sukarinsa na kafin karyawa ba ya hawa, sai an ba shi giram 75 ɗin nan ciwon ke bayyana. A 2017 kuma aka nuna wani canji a G6PD, wanda ya yawaita tsakanin masu asalin Afirka, yana saukar da HbA1c da kusan 0.8 a maza ba tare da ya taɓa sukari ba, domin jajayen ƙwayoyinsu ba sa daɗewa. Wanda ya kamata ya nuna 7.0 sai ya nuna 6.2, a sallame shi. Masu binciken sun ƙiyasta baƙaƙen Amurka kusan 650,000 za a iya tsallakewa idan da HbA1c kaɗai aka dogara. Shi ya sa idan HbA1c da sukarin kai tsaye suka saɓa, ƙa'ida ita ce a maimaita wanda ya haura iyaka, a kuma duba jinin kansa: yawansa, nau'in hemogulobin, sinadarin ƙarfe da G6PD.