Mene ne "Lumen" da Ake Rubutawa a Kwalin Majigi?

Bara ƙanena ya sayi majigi, irin ƙananan nan da za ka ɗauka da hannu ɗaya. A jikin kwalin an rubuta lumen 9,000 da manyan baƙaƙe, mai shago kuma ya ƙara masa da cewa, "Alhaji, wannan ko da rana tsaka ka kunna shi, tar za ka gani." Ranar wata Asabar ya tara mu a falo za a kalli wasan Firimiya na ƙarfe huɗu. Aka kunna, aka haska bango. Filin wasan ya fito kamar atamfar da ta sha wanki da rana har ta koɗe, 'yan wasa kamar inuwa, ƙwallo kuwa sai dai ka ji inda take a bakin mai sharhi. Aka zuge labule, abin ya ɗan yi dama-dama. Hoto bai zama abin kallo ba sai da aka yi sallar magariba, lokacin wasa ya tashi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, to ina dubu taran nan ta shiga?"

Lumen kalmar Latin ce, ma'anarta haske. A wurin masana kimiyya ma'auni ne, kamar yadda mudu yake ga hatsi ko lita ga mai. Da shi ake auna jimillar hasken da abu ke fitarwa, gwargwadon yadda idon ɗan Adam ke iya ganinsa. Kyandir ɗaya yana ba da kimanin lumen 12. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda in ka taɓa shi sai ya ƙona ka, yana ba da kamar 800. Ƙwan LED na yanzu mai wat 9 ko 10 shi ma 800 ɗin yake bayarwa. Wat dai wutar da abu ya ci ne, lumen kuwa hasken da aka samu a madadinta, shi ya sa masu cewa "wat nawa ne" idan suna neman haske suke tambayar da ba ita ba.

Yana da ɗan'uwa da ake yawan haɗa su, wato lux. Lumen ruwan da ke cikin bokiti ne. Lux kuma zurfin ruwan ne bayan ka zuba shi: in a kwano ka juye zai yi zurfi, in a tsakar gida ka watsa ko ƙasa ba zai jiƙa sosai ba. Lux ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Wasu masu ƙananan majigi sukan rubuta lux a kwali maimakon lumen, lamba ƙatuwa, ba tare da sun ce a wane nisa ko a kan wane faɗi suka auna ba. Wannan lambar ba ta gaya maka komai.

Saboda kowane kamfani yana iya auna nasa yadda ya ga dama, hukumar daidaita ma'aunai ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ANSI, ta fitar da hanya guda a 1992. Ana haska farin hoto zalla a kan allo a ɗaki mai duhu, a raba hoton gida tara daidai wa daida, uku a sama, uku a tsakiya, uku a ƙasa. Sai a auna lux a tsakiyar kowane gida, a haɗa taran a raba da tara, a ninka abin da ya fito da faɗin murabba'in hoton. Sakamakon shi ake kira ANSI lumen. Amfanin gida taran shi ne kusan kowane majigi ya fi haske a tsakiya, gefe kuma ya dushe. Da a tsakiya kaɗai za a auna, da kowa ya ci jarrabawa. Akwai kuma ma'aunin duniya mai lamba ISO 21118 da ke bin kusan wannan hanyar, shi ya sa za ka ga wasu na rubuta ISO lumen. Duk biyun abu guda suke aunawa, wato hasken da ya fito ta gilashin gaba ya isa bango.

To ina 9,000 ɗin ƙanena? Idan ma an auna ta, a cikin na'urar aka auna, a bakin ƙwan da ke samar da hasken, tun kafin ya bi ta ko'ina. Irin waɗannan ƙananan majigi allon LCD guda ne a cikinsu, ɗan ƙarami irin na waya, hasken yana ratsa shi daga baya. Kafin ya shiga allon akwai wata 'yar leda mai tace haske da ke cinye kusan rabinsa. A cikin allon kuma kowane ɗigo ja ne, ko kore, ko shuɗi, kowanne launinsa kaɗai yake bari ya wuce, wato kamar kashi ɗaya cikin uku. Rabin sulusi ke nan, ɗaya bisa shida, kuma har yanzu ba a cire abin da layukan da ke tsakanin ɗigogin suka tare ba, da wanda madubi da gilasai suka sha, da wanda ya watse cikin akwatin bai sami hanyar fita ba. Kamar mutum ne ya auna maka shinkafa shanshera ya karɓi kuɗin gyararriya, sai dai a nan abin da injin ya ci ya fi abin da ya fito yawa nesa ba kusa ba. Wani lokacin ma babu wani awo, lambar kawai aka zaɓa don ta fi ta maƙwabci a kasuwar intanet. Abin ya kai kamfanin Epson ya sha kai masu irin wannan da'awa ƙara a kotunan Amurka, wasunsu kuma suka amince suka rage lambar da ke jikin kayansu.

Mun gwada nasa da manhajar auna haske ta waya, wadda ba ta kai na'urar ƙwararru ba amma tana nuna hanya. Muka sa farin hoto, muka bi gida tara muna juya fuskar wayar wajen majigin, muka yi lissafi a bayan kwalin da kansa. Abin da ya fito bai kai 300 ba.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne 300 ɗin ma ba abin rainawa ba ne. Gidajen sinima na zamani suna da ƙa'idar hasken allo, 48 na ma'aunin ƙarfin haske da ake kira kandela a kowane murabba'in mita, wanda a kan farin allo na yau da kullum yake daidai da kusan lux 150. Wannan bai kai hasken talabijin ɗin da ke ɗakinka ba, duhun zauren ne yake sa ka ga kamar ya fi. Allo mai inci 100 daga kusurwa zuwa kusurwa, wanda faɗinsa santimita 221 ne tsayinsa 125, murabba'in mita 2.76 ke nan. Ninka da 150, za ka sami lumen 420 ko ƙasa kaɗan. Wato majigi mai ANSI lumen 500 na gaskiya, a ɗakin da ya yi duhu ƙirin, zai ba ka hasken sinima a kan bango mai faɗin fiye da mita biyu.

Maganar duhu ita ce gaba ɗayan lamarin, kuma ita ce mai shago ba zai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Majigi ba ya iya haska baƙi. Babu wani haske da ake kira baƙi. Inda ka ga baƙi a hoton, wurin ne majigin bai aika komai ba, wato bangonka ne kake gani yadda yake. In ɗakin da duhu, wurin zai yi baƙi wuluk. In rana na shigowa ta taga, farin bango fari yake, kuma wannan farin shi ne iyakar baƙin da hotonka zai samu: gashin ɗan wasa, rigar alƙali, dare a cikin fim, duk farin bango ne. Ɗauki majigi mai lumen 2,000 na gaskiya a kan inci 100 ɗin nan, zai zuba lux 725 a inda ya fi haske. In hasken ɗaki yana zuba lux 100 a bangon, abin da falo mai buɗaɗɗen labule ke wucewa cikin sauƙi, fari ya zama 825 baƙi ya zama 100. Tazarar sau takwas ce kacal, shi ne hoton da ya koɗe. Kashe fitila ka toshe taga har hasken ɗakin ya sauko lux ɗaya, tazarar za ta koma ɗaruruwa ba tare da ka ƙara ko lumen ɗaya ba. Labule mai kauri ya fi ƙarin lumen 1,000 amfani, ya kuma fi shi araha. Har farin silin da tayil mai sheƙi suna da laifi, don hasken da ya bugi bango yana komawa kansu su dawo da shi kan hoton.

Na lura kakanninmu sun fi mu sanin wannan. Ita kanta kalmar majigi daga Turanci muka aro ta, daga sunan tsohuwar fitilar haska hoto da Turawa suka yi wa laƙabi da ta siddabaru. A zamanin mulkin mallaka da bayansa motar majigi takan shiga gari ta kafa allo a fili, galibi a ƙofar fada, a nuna fina-finan tsafta da noma da labarun gwamnati. Ba mai kunnawa sai dare ya yi. Tsofaffin sinimun Kano ma, tun daga Rex da aka buɗe a 1937, yawancinsu sararin sama ne rufinsu, da daddare ake kallo. Dalilin a fili yake: hasken rana tsaka yana kaiwa lux 100,000, farin wata ɗan sha huɗu kuwa bai kai lux ɗaya ba. Tsakar gida da daddare, muddin babu fitilar maƙwabta a kan katanga, ta fi falo da la'asar sau ba adadi.

Sai girman hoto. Lumen ɗin majigi ba ya ƙaruwa don ka ja shi baya. Ruwan bokitin nan ne kake watsawa a fili mafi faɗi. In ka ninka inci sau biyu, faɗin murabba'i ya ninku sau huɗu, haske ya koma rubu'i. Ƙanena ya kai nasa ƙarshen falo yana neman hoto ya cika bango, kusan inci 120. Da muka matso da shi hoton ya dawo inci 60, sai ga shi ya yi haske ninki huɗu, har ana gane lambar da ke bayan riga. Haka kuma ajiye shi a gefe ko a ƙasa sannan a miƙe hoton da maɓallin gyaran kusurwa yana zubar da wani ɓangare na hasken da ɗigogin a banza. Gara a sa shi saitin tsakiyar bango tun farko, ko da littattafai za a tara a ƙarƙashinsa.

Ko ANSI lumen na gaskiya ma, a yanayin da majigin ya fi ƙarfi ake auna shi, kuma a yawancinsu wannan yanayin yana sa hoto ya yi kore-kore, fuskar mutum kamar marar lafiya. Da ka mayar da shi yanayin sinima don launi ya daidaita, haske zai ragu sosai. Wasu masu fasahar DLP kuma, waɗanda ke da faifan launi mai juyawa da aka saka wa farin yanki, farinsu yana da ƙarfi amma ja da kore da shuɗinsu ba su kai shi ba. Sun dace da nuna rubutu a aji fiye da kallon fim. Shi ya sa in aka tambaye ni nakan ce a saya da rara: ANSI lumen 1,500 zuwa 2,000 ga ɗakin da za a iya duhunta shi, 3,000 ko fiye ga falo ko gidan kallon ƙwallo inda ba a rasa haske na shigowa ta ƙofa.

Lumen kuma yana tsufa. Majigi mai ƙwan fitila, irin na hannu da ake shigowa da su daga ofisoshi da makarantun ƙasashen waje, ƙwansa yakan yi awa 3,000 zuwa 5,000, kuma abin da ake nufi da ƙarshen rayuwarsa shi ne lokacin da haskensa ya koma rabi. Don haka mai lumen 3,000 a rubuce yana iya zama 1,500 a hannunka. Ana duba awannin da ya yi a cikin saitin na'urar, amma lambar ana iya mayar da ita sifiri da 'yan latse-latse, saboda haka a kunna maka ka gani da idonka. Masu LED da lesa sukan kai awa 20,000 ko fiye. Ƙurar hunturu ma ɓarauniyar haske ce: tana toshe matatar iska, na'ura ta yi zafi, ta kwanta a kan gilashi har ka fara ganin tabo a hoto. Ɗauke wuta bagatatan kuma yana cutar da masu ƙwan fitila, domin fanka na buƙatar ɗan lokaci ta huce da ƙwan bayan an kashe. Wanda yake da inbata, a kanta ya kamata ya jona.

Ƙanena bai mayar da nasa ba, don mai shagon ya ce kaya da an buɗe kwali ba ya dawowa. Yanzu a tsakar gida yake kunnawa bayan isha'i. Ya ɗaure farin zanen gado a igiyar shanya da maƙalai huɗu, ya ɗora majigin a kan turmi da aka kife, yaran maƙwabta suna zuwa da tabarminsu. Wasannin Zakarun Turai na dare suna fitowa tas. Na ƙarfe huɗu kuwa a talabijin ɗin Hajiya yake kallo.