Dokar tantance masu son tuƙa jiragen sojin Amurka, da kuɗin da take tarewa

A rundunar sojin saman Amurka, ba a ɗaukar mutum horon tuƙin jirgi sai an duba makinsa na PCSM, wato makin zaɓen masu neman zama matuƙa, wanda ke tsakanin 1 zuwa 99. Abu uku ake haɗawa a fitar da shi: jarrabawar hafsoshi ta AFOQT, gwajin kwamfuta na TBAS, da sa'o'in da mutum ya riga ya yi yana koyon tuƙi. A TBAS ana ba ka sandar sarrafawa a hannu da abin takawa a ƙafa, kana bin abin da ke gudu a allo, ana kuma ƙara maka wasu ayyukan a lokaci guda, a ga ko hankalinka zai rabu gida uku ba tare da ka rikice ba.

Dalilin wannan tsanani kuɗi ne. Binciken cibiyar RAND na 2019 ya ƙiyasta cewa horar da matuƙin jirgin yaƙi na F-16 guda yana cin dala miliyan 5.6, na F-22 kuwa miliyan 10.9. Wanda aka kora a tsakiyar horo ya ƙone mai, ya cinye lokacin malami, ya tsufar da jirgi, sannan gurbin da ya riƙe ya wuce wani da zai iya gamawa. Gwajin kwamfuta kuwa ɗan gajeren lokaci ne a ɗaki. Ko mutum ɗaya aka tare kafin ya hau jirgi, gwajin ya biya kansa. Tsadar horon ce ma ta sa wanda ya gama sai ya yi wa rundunar aikin shekara 10.

Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka fara irin wannan tantancewa, inda masanin halayyar ɗan Adam John Flanagan ya jagoranci shirin da ke ba masu nema maki daga 1 zuwa 9, aka kuma ga masu ƙaramin maki su suka fi faɗuwa a horo.

Inda tsarin ya daɗe da tawaya shi ne sa'o'in tuƙi. Hayar jirgi da malami tsada gare su, don haka ɗan mai hali kan tara sa'o'i ɗaruruwa makinsa ya hau, ɗan talaka mai basira yana kallo. A 2021 aka gyara: sa'o'i 60 na farko kawai ake lissafawa. Ni a ganina gyaran ya dace, kodayake sa'o'i 60 ɗin ma ba kowane gida ne zai iya biya ba.