Ruwan da Inna ke ba jariri bayan wanka

Duk ranar awo akwai tambayar da ba na fasa yi wa mai jego: ban da nono, me kike ba shi? Amsar farko ba ta canzawa, "Babu komai, Malama." Sai in yi shiru in ci gaba da rubuta nauyin yaro a kati. Can sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Sai dai ɗan ruwa. Inna ce ke ba shi bayan wanka." Na daɗe ina yi wa yaran nan faɗa kafin in gane ba su ya kamata in yi wa ba. Yarinya 'yar shekara 18 da ta tafi goyon ciki gidansu, ko take zaune tsakar gida ɗaya da uwar mijinta, ba ita ke yanke abin da zai shiga bakin jaririnta ba. Don haka yau maganar taku ce, iyayenmu kakanni, da ku masu gida.

Na san tausayi ne ke sa ku. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ke haura ma'auni 40, kaka ta dubi jariri yana motsa leɓe ta ce, "Babba ma bai iya wuni ba ruwa, balle wannan ɗan talikin. Alhaki ne." Abin da ba a faɗa mata ba shi ne, in aka kasa nonon uwa kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne zalla. Wanda ke fara zubowa in yaro ya kama ma ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, sai daga baya mai kauri da maiƙo ya biyo ya ƙosar da shi. Shi ya sa a bazara za ku ga jariri yana neman nono a kai a kai, ya ɗan tsotsa ya saki. Ruwa yake sha. Wadda za a ajiye wa moɗa kusa da ita uwar ce.

Ranar da aka haifi yaro, cikinsa bai fi ya ɗauki kamar cokalin shayi ɗaya a zama guda ba. In aka cika wannan ɗan wuri da ruwa, ina nono zai zauna? Yaro zai yi barci kamar ya ƙoshi, alhali bai samu abin da zai gina jikinsa ba. Shi kuwa nono tsotso ke kawo shi, in an rage tsotso sai ya ja baya. Kafin a yi arba'in sai a fara cewa, "Ai nononta ba ya isarsa," a aiki maigida ya nemo madarar gwangwani, ko a dama koko tsululu a ɗura wa ɗan wata biyu. Sau da yawa in na bi sawun labarin, ƙafarsa tana komawa kan cokalin ruwan nan na makon farko.

Sai kuma shi kansa ruwan. Na rijiya ne ko na 'yan garuwa, ya kwana a randa, an ɗebo da moɗar da kowa ke sha. Cikin babba ya saba, na jariri bai saba ba. Gudawa ta tsinke, a ce haƙori ne, a zauna jira. Yaron wata uku wane haƙori yake fitarwa? In maɗigarsa ta faɗa ciki, idanu suka zurma, fitsari ya ɗauke, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma ba a kwana da shi a gida.

Batun dakashi ya fi ɓata mini rai. Wannan nono na farko, mai kauri mai launin rawaya, har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar wai ƙazanta ne, a riƙe jariri da ruwan ɗumi ko nonon akuya har sai "nono ya wanku". Wasu har gwaji suke yi, a jefa tururuwa a ciki a ga ko za ta fita da rai. Tururuwa in ta faɗa cikin kowane abu mai danƙo nutsewa za ta yi, ba shaidar komai ba ce. Dakashi shi ne rigakafin farko da yaro ke samu daga jikin uwarsa bayan haihuwa, kuma shi ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na kwanakin farko. A ɗora yaro a ƙirjin uwarsa ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa, tun kafin a ɗora tukunyar wanka. Mai son ya shafa ɗan dabino a dasashin jariri don bin sunna, ba da shi nake ba, shafawa ce sau ɗaya, ba ciyarwa ba. Amma bauri da jiƙe-jiƙe da ake ɗurawa kullum, a bari. Zuma kuma, duk albarkarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Akwai abin da takardun da ake aiko mana ba sa ambata, mu ne ke ganinsa: kunyar ɗan fari. Mai haihuwar fari ba ta faɗin sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, yana kuka za ta kau da kai sai an ce mata, "Ke, ɗauki yaron nan ki ba shi." Makon barka ɗaki cike yake da 'yan uwa tun safe har magariba. Jariri kuwa yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. Ita tana jin nauyin buɗe ƙirji a gaban dangin miji, shi yana kuka, sai kaka ta karɓe shi ta lallashe shi da ruwa. Ba na cewa a yar da kunya, ni ma da ita aka raine ni. Amma ke Inna, ke kaɗai ke da bakin da za ki sallami baƙi zuwa rumfa, ki saki labule, ki miƙa mata ɗanta tun yana tsotsar hannu, kafin kuka ya ci ƙarfinsa. In ke kika ce ta ba shi, kunyar ta sauka daga kanta.

Ku kuma maza, aikinku bai ƙare a ragon suna da itacen wanka ba. Kuɗin gwangwanin madara ɗaya, wanda ba ya kai mako, in aka sayi wake da gyaɗa da ƙwai da zogale da shi, mai jego za ta ci ta ƙoshi, yaro kuma ya samu ta hanyar da ta fi. Sannan akwai maganar da matarka ba za ta taɓa iya faɗa wa mahaifiyarka ba. Kai za ka faɗa, cikin ladabi, kana durƙushe: "Hajiya, a asibiti sun ce a dakata da ruwan sai ya yi wata shida." Daga bakinka shawara ce, daga bakinta rashin kunya.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. A na 2018 ya hau zuwa kashi 29. An matsa, amma har a lokacin bakwai cikin goma ana haɗa musu da wani abu, kuma ruwa ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da suke cewa shi ne nono kaɗai har wata shida, sai dai maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, ko ɗigon rigakafi, ko ruwan gishiri da sukari in ana gudawa. Daga wata shida a fara kunun gyaɗa mai kauri, faten wake, ɗan ƙwai, da ruwa mai tsabta, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu, wanda dama shi ne adadin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata.

Kakar da ke tantama ko jikanta na ƙoshi, ga abin da za ta iya dubawa da kanta ba sai da mu ba. Bayan makon farko, ta ƙirga tsummokin da ya jiƙa daga asuba zuwa asuba. In sun kai shida, fitsarin kuma fari ne ba ja ba, ruwa ya ishe shi. Sauran kuma sikeli zai faɗa. Ranar da za a kawo shi allurar mako shida, Inna, ki yafa mayafinki ki rako su. Kujera tana nan, zan nuna miki katin ki ga inda layin nauyinsa ya nufa.