Minshari a Masaukin Alhazai: Tambayoyi da Amsoshi

A wajen bita ana koya wa maniyyaci yadda zai ɗaura harami, da yadda zai yi ɗawafi da sa'ayi da jifa. Abin da ba kasafai malaman bita ke taɓowa ba shi ne dare. Mutum zai shafe makonni yana kwana ɗaki ɗaya da waɗanda bai taɓa gani ba sai a sansanin alhazai, kuma da wuya a rasa mai minshari a cikinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan lamari.

Me ya sa ɗan ƙaramin abu kamar minshari yake zama babbar magana a aikin Hajji?

Saboda babu wajen gudu. A gida idan maigida ya cika ɗaki da minshari, uwargida ta san yadda za ta yi da shi, ko ta koma ɗakin yara. A Madina da Makka kuwa, alhazan da suka tafi ta hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi galibi mutum huɗu ko biyar ne a ɗaki, gado na kusa da gado, tsakaninsu bai wuce wajen ajiye jaka ba. Wannan ma da sauƙi. Ranar 8 ga Zulhajji aka fita Mina, sai a koma tanti, inda mutane da dama ke jere kamar kifin gwangwani, kowa a kan 'yar katifar da faɗinta bai fi kafaɗunsa ba. Tun bayan gobarar 1997 aka mayar da tantunan Mina na dindindin, da wani irin yadi da wuta ba ta kama shi da sauƙi. Yadin yana tare wuta, amma ba ya tare sauti. Sai ka ji minsharin wanda ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba daga tantin maƙwabta.

Ga shi barcin ma ƙalilan ne. An dawo daga Harami bayan isha'i, an ci abinci, kafin ƙarfe uku wani ya tashi zai tafi tahajjud. Wanda awa uku ko huɗu kacal yake da su, idan aka cinye masa biyu, da gari ya waye fuskarsa ba annuri.

Me ke kawo minshari, kuma don me yake ƙaruwa a can?

Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yana saki. Bayan ganɗa, da beli, da gindin harshe duk sai su kwanta su rage faɗin hanyar iska. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsatsiyar hanya ita ke kaɗa naman, kaɗawar kuma ita ce ƙarar da ake ji. Duk abin da zai ƙara matse hanyar yana ƙara minshari: kwanciyar rigingine, ƙiba musamman ta wuya, toshewar hanci, shekaru, da magungunan sa barci. Maza sun fi mata yi, amma mata ma suna yi, musamman idan girma ya zo. Ɗakunan hajiyoyi ba su tsira ba.

A Saudiyya kusan duk waɗannan abubuwa suna haɗuwa lokaci guda. Akwai gajiya mai tsanani, wadda ke sa mutum ya faɗi kamar an yar da shi. Akwai mura da tarin da ke zagaye alhazai kusan kowace shekara, har a dawo da shi gida tsaraba. Akwai na'urar sanyaya ɗaki da ke busar da hanci da maƙogwaro dare farai. Shi ya sa za ka ga mutumin da yake rantsuwa bai taɓa minshari ba, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa, ya zo Makka ya zama shi ne gwanin ɗakin.

To mai minshari yana da laifi?

A kan abin da ya yi yana barci, babu. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku sananne ne, kuma mai barci har ya farka yana cikinsu. Barci ƙanin mutuwa ne, mutum bai san me bakinsa da hancinsa ke yi ba. Ba kuma abin kunya ba ne. A cikin Bukhari, Abdullahi ɗan Abbas ya ba da labarin daren da ya kwana a ɗakin innarsa Maimuna, ya ce Annabi (SAW) ya yi barci har ya ji sautin numfashinsa. Saboda haka wanda ya wayi gari yana harare-harare, yana yi wa ɗan'uwansa habaici a wajen karin kumallo, yana hukunta shi ne a kan abin da ba shi da iko da shi.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. Alƙalamin da aka ɗauke masa yana barci, ana mayar masa da shi da zarar ya buɗe ido.

Me ya rataya a wuyansa ke nan?

Abu na farko, ya faɗa. Wanda iyalinsa suka shekara ashirin suna gaya masa yana minshari, ya san yana yi. Daren farko, kafin kowa ya zaɓi gado, ya ce, “'Yan'uwa, ni fa ina minshari, idan na dame ku ku taɓa ni, ba zan ji haushi ba.” Wannan 'yar magana ita ke kashe rabin rigimar, domin abin da ya fi cin rai shi ne kwanciya ido biyu kana tunanin ko ka tashe shi ko ka bari, ga shi ya haife ka.

Sannan ya ɗauki gadon da ke can gefe, kusa da bango ko ƙofa. Ya kwanta ta gefe, wanda dama sunna ce a kwanta a kan ɓangaren dama, kamar yadda ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib. Matsalar ita ce mutum yakan fara da gefe ya ƙare a rigingine, don haka ya tokare bayansa da filo ko 'yar jakarsa ta hannu. Ɗaga kai da ƙarin filo yana taimakawa. Idan mura ce ta toshe hanci, ya shaƙa ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kafin kwanciya, ya je wajen tawagar likitocin alhazai su ba shi abin da ya dace da shi, musamman idan yana da hawan jini, don wasu magungunan mura suna ɗaga jini. Ya guji shan maganin sa barci da ka, wai don ya huta sosai. Shi zai huta, ɗakin kuwa ya shiga uku.

Akwai dabara guda da ba ta cin ko riyal ɗaya: ya zama na ƙarshen kwanciya. Ya ba mutane rabin awa su yi nisa, shi yana lazimi. Wanda barci ya riga ya ɗauke, ba kowane minshari ne ke tashinsa ba.

Ya dace a tashe shi? Idan kuma dattijo ne fa?

Ya dace, amma ba tashi ake so ba, juyi ake so. Taɓa kafaɗa a hankali ko ɗan jan filo ya isa ya sa mutum ya sauya kwanciya ba tare da ya farka sosai ba. Ban da jifa da takalmi, ban da tsaki, ban da haska masa fitilar waya a ido.

A ɗakinmu a Makka mun zauna da wani dattijo manomi, mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda minsharinsa ke farawa a hankali kamar injin markaɗe yana ɗaukar wuta. Kwana biyu babu wanda ya iya cewa uffan. Wani matashi a cikinmu ya ɗauki sautin a waya, yana kunna wa 'yan wani ɗaki suna dariya. A rana ta uku maganar ta koma kunnen dattijon. Bai ce komai ba. Da dare ya naɗe bargonsa ya fita, muka same shi da asuba a zaune a kan kujerar baranda, ya jingina kai da bango, tazbaharsa ta faɗi ƙasa. Ranar kunya ta kama kowa. Wanda ya fi mu shekaru ya je ya durƙusa gabansa ya ce, “Baba Alhaji, ka yi mana aikin gafara, ka dawo gadonka. Idan abin ya taso ni zan riƙa gyara maka filo.” Haka aka yi har muka bar Makka. Minsharin bai daina ba, amma ya ragu sosai, kuma wanda ya ɗauki sautin shi ya koma ɗauko wa Baba ruwan zamzam.

Naɗar sautin mutum yana barci don a yi masa dariya cin amana ne, ko da a ce raha ake yi. Idan dole sai an nuna masa don ya yarda, a kunna masa shi kaɗai, a goge a gabansa.

Wanda barci ya gagara, me zai yi wa kansa?

Ya zo da abin toshe kunne tun daga gida. Na soso ne, ana murza shi ya yi siriri, a ja kunnen sama, a zura, a riƙe shi 'yan daƙiƙu har ya kumbura. Da yawa suna cewa ba ya aiki, alhali cusa shi kawai suka yi a bakin kunne. Ba ya kashe ƙara gaba ɗaya, yana rage ta ne yadda barci zai iya ɗauka. A sayi da yawa don suna ɓacewa a cikin bargo, a kuma roƙi wani ya tashe ka da asuba.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Kiristoci masu tattaki zuwa Santiyago a ƙasar Sifen, tafiyar kusan kilomita 800 idan an taso daga iyakar Faransa, suna kwana ne a manyan ɗakuna masu gadaje sama da ƙasa, ana kashe fitila wajen ƙarfe 10 na dare. A wajensu abin toshe kunne yana cikin kayan da ake fara sa wa a jaka.

Game da ƙyallen rufe ido, a yi hattara a kwanakin da ake cikin harami. A mazhabar Malikiyya namiji mai harami ba ya rufe kansa da fuskarsa, don haka a tambayi malamin tawaga kafin a ɗaura. Ramuwar barci kuwa, lokacinta tsakanin walaha da azahar ne, sa'ad da rana ta hana kowa fita.

Wai mai minshari ne kaɗai ke hana mutane barci?

Ko kusa. A nawa ganin ma shi ne mafi ƙarancin laifi, don shi barci yake yi, sauran kuwa idonsu biyu. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka kiran da iyali suka yi ƙarfe goma na dare a Kano ko Maraɗi, sha biyu ne a Makka. Sai ka ji Alhaji ya buɗe lasifikar waya yana gaisawa da yara ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar ko an ba tumaki dusa. Ga mai ɗaure tsaraba da tsakar dare, ledoji na ta ƙara. Ga mai kunna babbar fitila ƙarfe uku yana neman silifa. Ga mai saita ƙararrawar waya sau biyar, ta tashi kowa ban da shi. Laifi tudu ne.

Hatta ibada da ƙarfi tana shiga wannan sahu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya hana su cutar da juna da ɗaga wa juna murya. A cikin Muslim kuma Miƙdad ya ce idan Annabi (SAW) ya shigo da dare yakan yi sallama yadda ba za ta tashi mai barci ba, amma wanda ke farke zai ji. Mai fita tahajjud ya haɗa kayansa tun da dare, ya ajiye su bakin ƙofa.

Yaushe minshari ke tashi daga abin dariya ya koma cuta?

Idan ana cikin minshari sai a ji shiru ɗif, daƙiƙa goma ko fiye, sannan mutum ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe, kuma abin yana maimaituwa, to hanyar iskar ce ke rufewa gaba ɗaya. Ɗaukewar numfashi a cikin barci ke nan, kuma tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai ita yakan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi ko a sahun salla. Shi bai san yana yi ba. Abokin kwanansa ne kaɗai ke gani, don haka wanda ya lura ya gaya masa a keɓe, ya raka shi wajen likita. Ba zancen wanzami ba ne, cire beli da aska ba ya maganinta, sai dai ya jawo zubar jini.

Wanda likita ya riga ya ba shi na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci, kada ya bar ta a gida don kunya. A ba shi gadon da ke kusa da soket. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya, alhazan Nijar kuwa su taho da mahaɗi.

Minshari yana karya alwala?

Shi kansa ba ya karyawa, barcin da ya kawo shi ne abin dubawa. A Malikiyya barci mai nauyi yana warware alwala ko gajere ne, kuma alamarsa ita ce abu ya faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ko a yi magana kusa da kai ba ka ji ba. Wanda aka ji minsharinsa a Harami yana jiran salla, ya tashi ya sake alwala ya fi masa.

Idan an yi duk wannan abin ya ci tura, a nemi sauyin ɗaki?

A nema, babu aibi. Ayar Suratul Baƙara ta 197 ta hana jayayya a cikin Hajji, kuma wanda ya kwana huɗu bai runtsa ba, abu kaɗan zai sa ya yi faɗa a layin abinci. A sami jami'in da ke kula da masaukin a keɓe, a ce masa barci ne ke gagara, ba sai an kama sunan kowa ba. Sau da yawa musanya ce ke warware matsalar, don a kowane bene akwai mutumin da ko ganga aka buga a kansa ba zai motsa ba, shi ya dace da gadon. A Makka da Madina wannan yana yiwuwa. A Mina kuwa babu ɗakin da za a koma, abin da ya rage shi ne a juya kai zuwa wajen ƙafa, ko a roƙi na ƙarshen layi a yi musanyar katifa tun kafin magariba.