Timfani: ga amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita min

Kusan kullum sai wani ɗalibi mai fassara ya zo min da kalmar nan. Ga amsa sau ɗaya, don Allah a riƙe.

Mene ne timfani?

Ganga ce mai siffar ƙatuwar ƙwarya, ta jan ƙarfe, fata a bakinta kaɗai. Ana kaɗa ta a okestira, babbar ƙungiyar makaɗan Turawa. Yawanci makaɗi ɗaya ke da guda 4 a gabansa, faɗinsu inci 32 da 29 da 26 da 23.

Kalmar Turanci ce?

A'a, Italiyanci ce. Su ma daga Latin suka gada, Latin kuma daga Girkanci.

Me ya sa ba a ƙara mata "s" in suna da yawa?

Saboda timpani jam'i ne tun asali, ɗaya kuwa timpano. Za ka ƙara wa "shanu" wani jam'in? To, ka bari.

Ai duk ganga ganga ce, ko?

Wannan maganar tana ɓata min rai. Timfani ana saita mata murya kamar yadda ake saita garaya. Mai kalangu yakan matse igiyoyi a hammata ya sauya murya, shi kuwa mai timfani da ƙafa yake taka wani fedal, fatar ta ɗame ko ta saki. Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya ba ta babban aiki a simfoninsa (dogon kiɗan okestira) na 9 a 1824, Berlioz kuwa, Bafaranshe mai tsara kiɗa, a 1837 ya nemi guda 16 a kiɗa ɗaya.

To in ina fassara, in rubuta "tambari" kawai?

Nan ne sai an yi a hankali. Ta wata fuska kana da hujja. Tambari ma baki ɗaya gare shi, gindinsa a rufe. Asalinsu ma ya yi kama: Turawa sun fara ganin ƙananan irinta ne a wurin Musulmi lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, wato naƙƙara ta Larabawa, manyan kuma suka shigo musu ta hannun Turkawa da mutanen Hangari a ƙarni na 15. A kan dawaki ake ɗora su, kayan sarakuna da mayaƙa ne, kafin Lully, wani mai tsara kiɗa, ya sa su cikin wasansa na waƙa a Faransa a 1675.

Amma fa Bahaushe in ya ji an ce tambura, fada yake gani, da naɗin sarki, da jajiberin Sallah. Ba kowa ake buga wa ba. In ka rubuta cewa an buga tambari a wani zaure a Jamus, mai karatu zai ɗauka wani basarake ne ya iso. Ni dai, in labarin kiɗan okestira ne, sai in rubuta timfani, in bayyana sau ɗaya a farko cewa ganga ce mai kama da tambari. In kuwa labarin tarihi ne na mahayan wani sarkin Turai, watakila tambari ya fi dacewa, ko da yake a nan ma sai ka duba wa kake rubuta wa. Kada ka tsorata, in ka yi bayani ba wanda zai ce ka yi kuskure.

Da "p" ko da "f" zan rubuta?

A Hausa, da "f". In kalmar Italiyancin kake nunawa, bar mata "p" ɗinta.