"Lafiyata ƙalau" ba sakamakon gwaji ba ne

Na daɗe ina aiki a ƙaramin asibiti, kuma akwai wata magana da na gaji da jin ta, wato "ai ni lafiyata ƙalau". Ita ce amsar da nake samu kusan duk lokacin da na ce wa magidanci ko uwargida su shiga ɗakin gwaji a ɗebi jininsu a duba. Sai bayan wata shida ko shekara a dawo mana da mutumin nan kwance a cikin a-daidaita-sahu, ƙafa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, ko jiki ya kumbura, ko idanu sun koma ruwan ɗorawa, 'yan rakiya kuma suna rantsuwa cewa farat ɗaya ciwon ya zo. Ba farat ɗaya ya zo ba, ya daɗe yana ɓarna a ɓoye, mai shi yana ta harkokinsa a kasuwa.

Ciwon suga yakan yi shekaru a jikin mutum bai sani ba, alhali da digon jini ɗaya daga ɗan yatsa ake fara gano shi. Idan aka auna sugan jini kafin karin kumallo aka ga 126 (a ma'aunin mg/dL) ko fiye, aka maimaita wata rana aka sake ganin haka, to ciwon ya tabbata. Wanda nasa ya tsaya tsakanin 100 da 125 yana bakin ƙofa ne, kuma gyaran abinci da motsa jiki suna iya janyo shi baya. Ciwon hanta nau'in B ya fi haka iya ɓuya, domin da yawa daga cikin waɗanda muka gano suna ɗauke da shi, sai da suka zo ba wa ɗan'uwa jini ko suka zo awon ciki aka sani. Ƙoda kuwa ba ta cika yin ƙorafi ba sai ta kusa gajiya. Duk waɗannan mutane, da an tambaye su mako guda kafin gwajin, "lafiyata ƙalau" za su ce.

Na san dalilan da ake kawowa. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "'Yar nan, jinin nawa guda nawa ne da za ku ɗiba?" Baba, a jikin baligi akwai jini wajen lita 5, abin da muke zuƙa a 'yar kwalba ɗaya kuwa bai wuce cikin cokalin shayi ba. Wasu kuma tsoron sakamakon suke yi, suna cewa gara kada su sani. Wannan maganar tana ba ni tausayi, tana kuma ɓata mini rai, domin rashin sani bai taɓa tsayar da ciwo ba, lokacin neman magani kawai yake cinyewa. Batun kuɗi gaskiya ne, ba zan musa ba, rayuwa ta yi tsada. Amma wanda ya ga iyalin da suke sayar da gona domin wankin ƙoda sau biyu ko uku a kowane mako, ba zai kira kuɗin gwaji asara ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ranar da mai "lafiyata ƙalau" ya ji kasala, kemis yake nufa ya ce a haɗa masa na maleriya da na taifot. Haba jama'a! Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a sha maganin maleriya, gwajin nan kuma ba ya wuce minti 20. Mace mai ciki tana jin jiri, jininta ne ya yi ƙasa, amma ana ɗura mata maganin zazzaɓi har lokacin haihuwa ya zo a shiga neman ledar jini cikin dare. Don Allah, Hajiya, ki daina cewa ciki na bakwai ba ya bukatar awo.

Ga abin da nake roƙo. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ƙiba, ko akwai mai ciwon suga a gidansu, ya je a duba sugansa da ƙodarsa, likita ya faɗa masa lokacin dawowa. Kowane baligi ya san matsayinsa game da ciwon hanta, idan babu ya nemi rigakafi, jariri kuma a yi masa tasa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Masu shirin aure su yi gwajin sikila tun kafin a sa rana. Idan an ce ka zo ba ka karya ba, to awa 8 ake nufi, ruwa kaɗai aka yarda, kuma idan ka sha koko ko shayi ka faɗa mana gaskiya mu sake maka rana. Ka ambaci duk maganin da kake sha, har da na gargajiya. Idan sakamako ya fito, ka kawo wa ma'aikacin da ya tura ka ya karanta maka, kada ka naɗe takardar ka cusa ƙarƙashin katifa don kana jin ƙarfin jikinka.